Karatun da Na Ɓoye wa Inna

Mutumin da aka ce zai tare ni a filin jirgin Delhi bai zo ba. An ce zan gan shi riƙe da kwali, an rubuta sunana, Rakiya, da manyan baƙaƙe. Na bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya har sau uku, kamar mai neman akuyarta a kasuwar kara. Babu nawa. Sai na ja jakata gefe na zauna a kanta. A cikinta akwai kuka da daddawa da yaji da garin kunu, duk Inna ce ta ɗaure su leda cikin leda. Warin daddawar yana fitowa kaɗan-kaɗan. Ina jin kunyarsa, ina kuma jin daɗinsa, don shi kaɗai na sani a wurin.

Inna ita ce mahaifiyata. Mai awo ce a kasuwar Kontagora, a layin 'yan hatsi. Bayan rasuwar Baba an yi shari'a a kan gonarsa ta Kaboji. Shekara biyu tana zuwa kotu tana zama a benci, lauyoyi suna Turanci, tana kallon bakinsu. Ranar ƙarshe aka ce ta dangwala yatsa, ta dangwala. Sai a hanyar gida aka gaya mata cewa ta yarda ne an raba gonar biyu. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya nuna min ranar da za a yi Turanci a kaina, wani nawa yana ji."

Wannan maganar ce ta kai ni Indiya. Wani mai ofis a Minna, irin waɗanda ake kira ejan, shi ya samo min makarantar. Ya ce wa Inna, "Hajiya, shekara uku kacal, lauya za ta dawo miki." Makarantar ta yi min sassauci saboda sakamakona, sauran kuma shanu biyu da Baba ya bari suka ɗauka.

Wanda ya tsamo ni daga kan jakar nan wani dattijo ne Banufe, ya kawo matarsa asibiti. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta mutanen Bida, "'Yata, daga ina?"

Na ce, "Kontagora, Baba."

"To ai 'yar gida ce! Tashi, tashi. Ba a zama a ƙasa a garin mutane."

Ya kira lambar da ke jikin takardata da wayarsa, ya sa direban da ya zo ɗaukarsu ya fara sauke ni a tashar jirgin ƙasa, alhali matarsa tana kwance a kujerar baya tana nishi. Ya rubuta min sunan garin da zan sauka a bayan tikiti. Ban tambayi sunansa ba. Har yau idan ina yi wa Inna addu'a ina haɗawa da shi da matar.

A jirgin ƙasa na yi awa shida ana kallona. Ba kallon sata ba, kallo ido cikin ido, babba da yaro. Wata mata da ke gabana ta daɗe tana yi, har na sunkuyar da kai. Can sai ta buɗe kwanon abincinta, ta yago gurasa, ta ɗora wani abu mai tsami a kai, ta miƙo min. Tsamin ya kusa cire min haƙori. Na cinye tas, ta yi dariya, ta ƙaro.

Kwana biyu da sauka na je ofishin rajista. A harabar makarantar na ga ɗalibai cikin baƙi da fari, aka ce min masu karatun lauya ne. Sai na tambayi matar da ke karɓar takardu yaushe za a ba mu namu kayan. Ta duba takardata, ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Ba naku ba ne."

Ta ga ban gane ba, sai ta ɗaga yatsu huɗu tana lanƙwasa su a hankali. Falsafa, siyasa, tattalin arziki, shari'a. Ta ce duka huɗun a haɗe za mu karanta, digiri ɗaya. Karatu ne mai kyau, amma ba ya kai mutum ya tsaya gaban alƙali. Na lauya daban ne, shekara biyar, kuɗinsa daban, kuma an rufe ɗauka.

Na fita na nemi inuwa na kira ejan. Ya saurare ni har na gama.

"Ke, duba takardar da kyau. Babu shari'a a ciki?"

"Akwai, amma..."

"To me kike so? Kin je sayen abu ɗaya, an yi miki gyara da uku, kina kuka? Ki gode wa Allah."

Daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba.

Inna ba ta da babbar waya. Idan zan same ta sai ta wayar Mama Rahila, maƙwabciyar rumfarta, Kirista ce 'yar Dukku, mai sayar da wake, mai murya kamar lasifika. Muka tsayar da Asabar, bayan azahar ɗinsu, lokacin da kasuwa take ɗan lafawa, ni kuma a nan rana ta faɗi. Asabar ta farko na shirya maganata tsaf. Zan ce, Inna, an cuce mu.

Ana ɗauka sai na ji Mama Rahila tana cewa, "Barista! Jama'a ku zo, ga Barista! Uwar Lauya, ajiye mudun nan, Indiya ce a waya! Ke Rakiya, sun yi miki rawa a tasha kamar yadda suke yi a fim?"

Na ji layin gaba ɗaya ya taso, ana guɗa, kowa yana ƙwalla gaisuwa. Ashe tun ranar da na tafi aka sauya wa Inna suna. Da wayar ta iso hannunta, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

"Ke, kin sauka lafiya? Ana samun abinci? To ki riƙe salla. Ki riƙe abin da ya kai ki."

Na ce, "To, Inna."

Shanun sun riga sun zama tikiti. Na ce a raina sai Asabar mai zuwa. Haka na yi ta cewa shekara biyu da rabi.

Shekarar farko a kujerar baya na yi ta. Malamin falsafa ya kwashe wata guda a kan tambaya ɗaya, wai mene ne adalci. Ni a Islamiyya da layi ɗaya muka amsa ta, muka wuce. Duk amsar da aka ba shi sai ya kawo misalin da zai rushe ta, ya yi murmushi, ya ce mu sake tunani. A darasin siyasa ana tambayar me ya sa mutane da yawa suke bin mutum ɗaya. A tattalin arziki layuka ne biyu suke gittawa a allo, a ce nan farashi yake zama. Darasin shari'a kaɗai nake rubutawa har hannuna ya yi ciwo, kamar mai lasar tukunyar miyar da ba za a zuba mata ba.

Zafin garin ya fi na watan da muke jiran ruwan farko. Sanyinsa kuma yana zuwa da hazo mai jiƙa mayafi. Da na nemi ɗaki a cikin gari, gidaje uku suka ce an kama, alhali allon haya yana rataye a ƙofa. Duk wannan na iya jurewa. Abin da ban iya ba shi ne lokacin kaka. Na san yanzu motoci suna shigowa daga Zugurma da Kaboji sun lanƙwashe da buhuna. Matan Kambari suna tafe da kaya a kafaɗa. Ƙaiƙayin dawa yana shiga wuyan riga. Inna tana zaune a kan buhu, zani ya yi fari, tana tsoma mudu, ta tara hatsi ya yi tozo, ta juye, sannan ta sa tafin hannu ta ɗebo ta ƙara. Ina aji ina kallon allo, amma wannan hannun nake gani.

Wata rana na shiga wani babban kanti sayen shinkafa. Aka auna min a sikeli mai lambobi, aka miƙo. Sai na buɗe bakin ledar na tsaya ina jira. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Mai awon ya ce me nake so. Na nuna masa buhun, na nuna ledata, na ce ɗan ƙari. Ya ɗauka cewa nake ya cuce ni, ya mayar da ledar kan sikeli yana nuna min lamba da ƙarfi. Na sake cewa ƙari, kaɗan kawai. Sai ya ɗauka roƙo nake yi. Mai gadi ya taso. Mutanen da ke bayana suna magana da yarensu suna dariya. Na biya na fita, ban sake bin titin ba.

Wannan ne ya kai ni ƙaramar kasuwar bayan makaranta, inda wata tsohuwa take baza kayan miya a kan buhu a ƙasa. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta. Na nuna tumatir da albasa, ta auna da tsohon sikelin hannu, na biya. Wannan karon na ƙulle ledata da sauri. Sai ta riƙo hannuna, ta kwance ledar, ta jefa ɗanyen barkono da wani ganye mai ƙamshi da suke zubawa a miya. Na laluba jaka zan ƙara mata kuɗi, ta ture hannuna tana faɗa, irin faɗan da ko ba ka jin yare ka san na kaka ne.

Na tsaya a wurin riƙe da leda, na kasa tafiya. Ashe su ma suna gyara.

A shekara ta biyu malamar tattalin arziki, wata gajeruwar mata mai furfura, ta ce mai sayarwa kullum so yake ya bayar da kaɗan ya karɓi da yawa. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Shi ne karo na farko. Turancina ya kakkarye, amma na ba da labarin gyara. Ajin ya ɗauki dariya, wata ɗaliba ta ce ai uwarta har faɗa take yi idan ba a sa mata ganyen nan ba.

Malama ta ce, "Dabara ce. Don mai saye ya dawo gobe."

Na ce, "Mahaifiyata tana yi wa fasinjan motar Legas, wanda ya tsaya sau ɗaya, ba za ta sake ganinsa ba."

Sai ta ce, "To ki tambaye ta dalili. Ki rubuto min."

Wannan tambayar ce ta zama aikin bincikena na shekarar ƙarshe. Duk Asabar ina zaune da littafi da biro, Inna tana can a kan buhu, Mama Rahila tana riƙe da waya tana tsoma baki.

"Inna, idan ba ki yi gyara ba, mai saye zai iya kai ki ƙara?"

"Wurin wa? Shekarar da hatsi ya yi tsada 'yan layi suka haɗa baki a daina. Na ƙi. Suka kai ni gaban shugaban 'yan hatsi. Ya ce shi a kan mudu yake hukunci, ba a kan tafin hannu ba."

Mama Rahila ta ce, "Ni ce na kai ta! Rubuta, Barista. Ni ce na kai ta, kuma na sha kunya."

"To Inna, me ya sa kike yi?"

"Mudu haƙƙin mai saye ne. Ko maƙiyina ne sai na cika masa. Gyara kuwa nawa ne. Hannu yana kuskure. Wata rana ka tauye mutum ba ka sani ba. Idan ka ƙara, ka wanke."

Na rubuta. Na ga tambayar malamin falsafa tana zaune a ciki, da ta malamin siyasa, da abin da muka karanta a kan ciniki da alkawari. Karo na farko darussan huɗu suka daina zama min baƙin juna. Na fara son karatun, kuma son ya ƙara min nauyi.

Ranar ta tambaye ni, "Ke, duk wannan tone-tonen cikin karatun lauyan yake?"

Na ce, "Yana ciki, Inna."

Asabar ta gaba na yi mata tambayar da malama ta ce in ƙara. Idan mai awo ya tauye da gangan, sannan ya yi gyara mai yawa, ya fita?

"Bai fita ba. Ko buhu ya ƙara masa. Sai ya kira shi ya ce, na tauye ka."

Na rubuta maganar. Na karanta ta. Na ajiye biron.

Na ce, "Mama Rahila, don Allah cire lasifikar, ki sa mata a kunne."

"Iye! Yau kuma sirri ne tsakanin lauya da uwar lauya?"

Amma ta cire. Na gaya wa Inna komai, tun daga matar ofishin rajista da yatsunta huɗu. Na ce ba zan dawo lauya ba. Ba riga, ba hular gashi. Na ce tun kwana biyu da sauka na sani.

Ina jin injin niƙa daga nesa, ina jin wani yana taya wake. Can ta ce, "To." Sai muryar Mama Rahila ta dawo, a hankali yadda ban taɓa jin ta ba.

"Rakiya, me kika gaya mata? Ga mai saye a tsaye, ba ta ma gan shi ba."

Asabar uku ina kira, ana cewa tana awo. Na san awon da ake yi bayan azahar. Ban ga laifinta ba. Na ci gaba da rubutu saboda ban san me zan yi da hannuna ba. Ta huɗu, kafin in yi sallama na ji muryarta.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"Wannan karatun naki. Idan aka yi Turanci a kaina, za ki ji?"

"Zan ji."

"Irin na takarda, mai dangwale?"

"Har shi."

"Za ki iya gaya min da Hausa ko cutata ake yi, kafin in sa hannu?"

"Zan iya, Inna."

Ta ja numfashi. "To mudu ya cika. Rigar da hular, da ma gyara ne. Ba a kai ƙara a kan gyara." Sai ta ƙara da cewa, "Amma kin daɗe. Kada ki sake riƙe abu irin wannan ke kaɗai a garin mutane."

Saura wata biyu in gama, ranar Talata, Mama Rahila ta kira ni da kanta. Ba ta taɓa kira ba, ni nake kira. Ta ce jikin Inna ya ɗan matsa, in yi addu'a. Ba ta ce min Barista ba. A nan na sani. Kwana huɗu ta yi a kwance. Kafin in gama tunanin hanyar filin jirgi an riga an kai ta makwancinta.

Na ce zan taho. Mama Rahila ta ce, "Ki taho ki yi me? Idan kika dawo min ba takarda, da muciya zan tare ki. Zauna ki gama."

Na zauna. Da na koma wurin tsohuwa mai kayan miya, ta dube ni sau ɗaya ta ajiye sikelinta. Ban san yadda ta gane ba. Ta ɗora hannu a kaina ta yi wata doguwar magana da yarenta. Na ce amin.

Na dawo Kontagora da kaka. Kwana uku ina gida ana zuwa min gaisuwa, na huɗu na shiga kasuwa. Komai yana nan, motocin, buhunan, ƙaiƙayin. Wata ce daban a kan buhun Inna. Na tsaya daga nesa, sai muryar Mama Rahila ta tsaga layin.

"Barista! Za ki tsaya a nan kamar baƙuwa?"

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Mama, ai kin san ban zama ba."

"Na sani. Uwarki ta tara mu ta gaya mana da bakinta, ta ce kada wanda ya sake ce mata Uwar Lauya. Muka ƙi. Suna ya riga ya kama, ke ce za ki cire shi?"

Ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda mai shafi uku, ta yi laushi don ninkewa. Wani kamfani ne yake son sayen waken suya a hannun matan layin gaba ɗaya. An ce su dangwala, sun ce sai 'yar Uwar Lauya ta dawo. Mako biyar takardar tana jirana.

Na zauna a kan buhu, suka kewaye ni. Na karanta musu layi-layi da Hausa. A shafi na biyu na tsaya. Na ce a nan an rubuta cewa da sikelinsu za a auna, a rumbunsu, ba kowa daga cikinku a wurin, kuma abin da suka ce shi ne. Sai layin ya ɓarke. Aka yi ta cacar baki har la'asar, daga ƙarshe aka ce in rubuta musu amsa: a auna a nan, a gaban masu kaya, ko a bari.

Da zan tafi Mama Rahila ta ce in tsaya, ba zan koma gida hannu rabbana ba. Ta tsoma mudu cikin wake, ta tara ya yi tozo, ta juye min a leda. Na kama bakin ledar zan ƙulle, ta buge min hannu.

"Buɗe. Indiya ta lalata ki?"

Na buɗe. Ta ɗebo da tafin hannu ta zuba. Ta ce, "Wannan nawa."

Ta sake ɗebowa yadda Inna take yi, wake yana zubewa ta tsakanin yatsu. Ba ta faɗi ko na waye ba.